Haruffa Masu Kumatu

Ka riƙe kwalin biskit ɗin yara a hannun dama, takardar sammaci a hagu, ka miƙa su nesa da fuskarka har rubutun ya daina karantuwa. Ko kalma ɗaya ba ka fitar ba, ba za ka rikita su ba. Haruffan sammaci sirara ne, a tsaye ƙyam, kowanne da tsininsa, kamar dogarai a ƙofar fada. Na kwalin biskit kuwa ɓul-ɓul suke, babu kusurwa ko ɗaya a jikinsu, sai ka ce an mulmula su a tafin hannu kamar curin fura. Kafin kalma ta buɗe baki, siffar harafin ta riga ta yi sallama, kuma tun daga sallamar ake gane ko baƙo da faɗa ya zo ko da wasa.

Irin waɗannan haruffa masu ƙiba da laushin baki su ne a ledar alewa, da allon makarantar rainon yara, da tambarin manhajojin waya bila adadin. Mai kallo yakan ɗauka su ne mafi sauƙin zanawa, tunda kamar hura su kawai aka yi. Ni dai na fi ganin akasin haka. Siririn harafi yana da fili a kewayensa, kuskurensa na iya shigewa ba a lura ba. Ƙaton harafi ya cinye filinsa, saura ɗan kaɗan, kuma a kan wannan ɗan kaɗan ɗin ake yin duk lissafin.

Masu aikin ɗab'i sun kasa haruffa gida biyu. Akwai na jikin rubutu, irin wanda ake cika shafin littafi da shi, wanda kyawunsa shi ne a manta da shi ana karatu. Akwai kuma na kanu, wato na kan labari da allon talla da bangon littafi, wanda aikinsa ya tare ka a hanya. Ana auna girman harafi da wani awo da ake kira poyint, 72 ɗinsa ke yin inci ɗaya. Jikin rubutu yakan tsaya tsakanin 9 da 12, na kanu kuwa daga wajen 24 yake farawa ya yi sama har ya cika bango. Haruffan da muke magana a kansu 'yan gida na biyu ne, kuma duk wanda ya ja su zuwa gida na farko ya zalunce su.

Ƙiba a harafi ba sabon abu ba ne. Tun farkon ƙarni na 19, da tallar bango ta yawaita a Landan, masu zuba haruffan dalma irin su Robert Thorne suka fara kumbura tsayayyun layukan harafi har suka zama kamar gumagumai, suka bar na kwance sirara kamar zare. Waɗannan sun yi ƙara, amma ba su da fara'a, domin kusurwoyinsu na nan da kaifinsu. Wanda ya haɗa ƙiba da laushi har duniya ta karɓa shi ne Oswald Cooper, wani mai zanen haruffan talla da aka haifa a 1879 a jihar Ohio ta Amurka. Ya fara da yaron shago a maɗaba'a, ya je Shikago karatun zane, ya faɗa hannun Frederic Goudy, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zana haruffa na ƙasar. A 1904 ya buɗe ɗakin zane tare da abokinsa Fred Bertsch, suna rubuta tallace-tallace da hannu. Daga wannan hannun ne kamfanin zuba haruffa na Barnhart Brothers & Spindler ya fitar da Cooper Black a 1922. An tallata shi da barkwanci, wai na maɗaba'a masu hangen nesa ne da ke da kwastomomi marasa gani nesa. Kasuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu, har abokan hamayya suka yi ta fitar da nasu: Ludlow Black a 1924, Pabst Extra Bold a 1928, a tsakaninsu kuma, a 1925, malaminsa Goudy da kansa ya zana Goudy Heavyface don a yi gogayya da aikin almajirinsa.

To, me Cooper ya yi wa harafin? Bari mu kwance shi gaɓa-gaɓa.

A rubutun boko na littattafai, harafi kamar n ko h yana tsayawa ne a kan ɗan guntun layi a kwance, mu kira shi kofato. A al'ada kofaton nan shimfiɗaɗɗe ne, ƙasansa a miƙe, gefensa da tsini. Cooper bai cire shi ba, sai ya narkar da shi. Ya mai da shi dunƙule mai tudu a ƙasa, kamar tafin ƙafar jariri da bai fara taka ƙasa ba. Sakamakon shi ne, a duk faɗin layin rubutu ido ba ya samun miƙaƙƙen layi ko ɗaya da zai auna sauran da shi. Haruffan sai su zama kamar suna ɗan rausaya alhali a tsaye suke. Ya ƙara da karkata ramin da ke cikin O ya jingina baya, ya mai da ɗigon i da na j kamar ƙwai a maimakon cikakkiyar da'ira. Waɗannan ƙananan karkace-karkace su ke sa ka ji hannun mutum a ciki, ba ƙarfen awo ba.

Babban aikin kuwa yana cikin ramukan. Kowane a, da e, da o, da b yana da farin fili a cikinsa, kuma da wannan farin ne ido ke gane harafi fiye da baƙin. Idan layi ya yi kauri, daga ina yake cin fili? Daga ramin. Ɗauki e: yana da layi a sama, layi a tsakiya, layi a ƙasa, da ramuka biyu a tsakaninsu, duk a cikin ɗan tsayi guda. In aka ba layukan uku kauri iri ɗaya, ramukan sun toshe, e ya koma dunƙulen tawada. Don haka mai zane yakan yi wa ido wayo. Yana rage kaurin layin tsakiya sosai, ya rage na sama da na ƙasa kaɗan, ya bar cikakken kauri a gefe inda akwai sarari. Haka yake yi a inda bakan n yake haɗuwa da sandarsa: yana tsuke wurin, in ba haka ba baƙi ya taru ya yi kumburi. Mai kallo yana ganin harafi mai kauri ɗaya ko'ina. In ya sa ma'auni zai tarar babu gaɓa biyu masu kauri daidai.

Wani wayon kuma tsoho ne, amma a nan ya fi fitowa. Da'ira da murabba'i in tsayinsu ɗaya ne a awo, ido yana ganin da'irar ta fi gajarta, domin ɗan wuri kaɗan ne a jikinta ke taɓa sama da ƙasa. Saboda haka ake barin o da s su ɗan zarce layi sama da ƙasa. A zubin haruffan da kusan komai nasa zagaye ne, kowane harafi sai an yi masa nasa ƙarin, ana gwadawa ana dubawa, ba da dokar lissafi guda ba.

Sai tazara. Ƙa'idar masu jera haruffa ita ce farin da ke tsakanin harafi da harafi ya yi daidai da farin da ke cikinsu. Siririn harafi ramukansa manya ne, yana son a ba shi iska. Mai ƙiba ramukansa ƙanana ne, don haka dole a matse su kafaɗa da kafaɗa kamar fasinjojin motar kasuwa. In ka warware Cooper Black, kalmar ta watse ta koma duwatsu a jere. In ka matse shi, kalmar ta dunƙule ta zama siffa ɗaya da ake ganewa daga ƙetaren titi. Wannan shi ne sirrin ƙarfinsa a allon talla, kuma shi ne dalilin da ya sa ba ya karantuwa a dogon sakin layi: shafin sai ya yi baƙi ƙirin, ido ya rasa inda zai huta.

Bayan tashensa na farko, tauraron Cooper Black ya dusashe. Masu zanen tsakiyar ƙarni na 20 sun fi son tsabta da miƙaƙƙen layi irin na Helvetica, wanda ya fito a 1957, suna yi wa Cooper Black kallon kayan kantin ƙauye. Amma sai fasahar ɗab'i ta sauya ta dawo da shi. Aka bar dalma aka koma jera haruffa ta hanyar hoto, inda haske ke bi ta fim ya buga siffar harafi a takarda. Wannan hanya tana ɗan cinye kaifin kusurwa, sai dai shi ba shi da kusurwar da za a cinye. Tana kuma ba da damar matse haruffa har su taɓa juna, abin da dalma ba ta yarda da shi ba, shi kuwa abin da yake so ke nan. A 1961 kamfanin Letraset na Ingila ya fito da haruffan gogawa: takarda mai ɗauke da baƙaƙe, ka ɗora ta, ka goga da bayan biro, harafin ya manne. Ɗalibi da mai ƙaramin shago suka zama masu ɗab'in kansu. A nan ne rashin miƙaƙƙen layin nan ya yi rana. Hannun ɗan koyo ba ya jera haruffa daidai, ɗaya zai ɗan hau, ɗaya ya ɗan karkace. A harafi mai shimfiɗaɗɗen kofato, kuskuren sai ya tsaya tsirara. A Cooper Black sai ya zama kamar da gangan aka yi. Harafi ne mai yafiya, kuma ina jin yafiyar nan ta fi kyawunsa tasiri wajen yaɗuwarsa.

A 1966 ƙungiyar mawaƙa ta The Beach Boys ta sa shi a bangon faifanta Pet Sounds, fari da rawaya a kan kore, a saman hotonsu suna ciyar da awaki a gidan namun daji na San Diego. Mawaƙi David Bowie ya bi sahu a 1972, ga kuma zanen barkwancin kyanwar nan Garfield. Matasan unguwannin New York suka riƙa manna shi a riguna da dutsen guga don rubuta sunayen ƙungiyoyinsu na rawa. A 1995 kamfanin jiragen sama na easyJet ya fara aiki a Ingila da sunansa a wannan zubi, ruwan lemo, har da lambar wayarsa ɓaro-ɓaro a jikin jirgi. Saƙon a fili yake: mu ba manyan mutane ba ne, kujerarmu da araha, shigo kawai. Da Microsoft ya saka shi cikin haruffan Office kuwa, sai ya shiga kowane shagon buga takardu a duniya, har da namu.

Akwai dangi na biyu, marasa kofato, waɗanda kowane layi nasu yake ƙarewa da kan zagaye kamar lawashin da aka yanke aka murje bakinsa. Asalin wannan siffa ba daga son wasa ba ne, daga kayan aiki ne. Injin da ke sassaƙa suna a farantin ƙarfe ko na roba, bakinsa zagayayye ne mai juyawa, ba zai iya yanka ƙarshen layi mai kusurwa huɗu ba. Haka bututun fitilar talla da ake lanƙwasawa, haka alƙalami mai dunƙulen baki. Daga baya masu zane suka mai da larurar ado. Letraset ya fitar da Frankfurter a 1970, sunan ma na wani naman da ake ɗurawa a hanji ne na Jamus, domin da shi layukan suka yi kama. A 1979 aka zana VAG Rounded don kamfanin motoci na Volkswagen, wanda a lokacin yake neman zubi ɗaya da zai haɗa dillalan Volkswagen da na Audi ba tare da ya yi kama da na ɗayansu ba. Kamfanin Apple ya riƙa buga shi a maɓallan kwamfutocinsa daga 1999 har zuwa wajen 2015, miliyoyin yatsu suna taɓa shi kullum ba su san sunansa ba.

Ko wannan kan zagayen ma ba rabin da'ira kawai ake ɗorawa ba. In ka haɗa miƙaƙƙen layi da rabin da'ira kai tsaye, ido yana ganin ɗan ƙulli a mahaɗar, layin ya koma kamar tsinken ashana. Gwani yakan fara lanƙwasar tun da wuri, a hankali, ta yadda ba za ka iya nuna inda miƙewa ta ƙare ba. Shi ya sa in aka ɗauki zubi mai kusurwa aka danna maɓallin da ke murje kusurwoyi a kwamfuta, abin da ke fitowa yake kama da sabulun da ya kwana a ruwa.

Me ya sa muke jin zagaye a matsayin fara'a? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe a kan tambayar. A 1929 Wolfgang Köhler, Bajamushe, ya nuna wa mutane zane biyu, ɗaya mai tsini-tsini ɗaya mai lanƙwasa, da sunaye biyu na ƙirƙira, suka riƙa ba mai tsinin suna mai kaifin sauti. A 2001 wasu masana, Ramachandran da Hubbard, suka maimaita gwajin da kalmomin buba da kiki, kusan kowa ya ce mai lanƙwasar shi ne buba. Bahaushe ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ya yarda, domin harshensa ya riga ya yi aikin: ba wanda zai ji tuɓul-tuɓul ya kawo allura a ransa, ko ya ji tsiriri ya tuna kumatun jariri. Wani masanin, Konrad Lorenz, ma ya yi bayani a 1943 cewa babban kai da cikar kumatu da gajerun gaɓoɓi suna tayar da tausayi a zuciyar babba. Harafi mai faɗin ciki da gajerun hannuwa jariri ne a takarda. Tsini kuma a wurin jiki ƙaya ne, ko wuƙa, ko haƙori, abin da hannu ke janyewa daga gare shi.

Sai dai ban yarda cewa halitta ce kaɗai ba. Sabo yana da nasa kaso, babba ma kuwa. A Japan, allunan kwatancen hanya na titunan gari da zagayayyun haruffa ake rubuta su, ba kuma wanda ke ganin hukuma wasa take yi. Mu ma muna da misali a gida. Rubutun allo irin na Kano, wanda alarammomi ke yi da faffaɗan alƙalamin kara, mai kauri ne ƙwarai, cike da lanƙwasa, baƙinsa ya fi farinsa yawa. Duk siffofin da muka lissafa suna nan. Amma wanda ya tashi da shi ba wasa yake gani ba, kwarjini yake gani. Ashe zagaye da kauri suna kawo kusanci ne kawai, sauran ma'anar daga inda aka saba ganinsu take zuwa. Haruffan Cooper sun zama na wasa ne domin shekara ɗari ke nan ana naɗe alewa da su.

'Yan kasuwa sun san haka sarai. A 'yan shekarun nan, bayan da tamburan manyan kamfanoni suka koma kama ɗaya, sirara masu sanyi, sai aka fara komawa ga taushi. Kamfanin madarar Chobani ya sauya tambarinsa a 2017 zuwa haruffa masu cika da laushin kofato. Burger King ya yi haka a farkon 2021 da wani zubi nasa mai suna Flame, wanda aka zana ya yi kama da abincin da ake sayarwa. Ba laifi ba ne mai sayar da abinci ya yi wa mai saye murmushi. Inda nake ɗaga gira shi ne in na ga manhajar ba da rance ko ta caca sanye da haruffan makarantar raino. Kumatun harafi ba sa rage kuɗin ruwa ko kwabo, kuma sharuɗɗan da ke ƙasa, in ka duba, da siririn rubutu ƙanana ake buga su.

Wanda zai yi aiki da su, abin da ya fi muhimmanci shi ne ya taƙaita. Kalma ɗaya zuwa huɗu, sauran bayani a ba wani zubi mai sauƙin kai. Ƙananan baƙaƙe sun fi manya dacewa da su, domin hawa da saukar b da p da g ita ce rawar, in aka mai da komai manyan baƙaƙe sai kalma ta zama katanga. Kada a ja su a tsaye ko a kwance don su cika fili, domin duk lissafin kaurin nan da muka yi bayani sai ya rushe. Kada kuma a lafta musu inuwa da zobe da launi bakwai, abin da ake yawan gani a fastocin biki. Mai ƙiba ba ya buƙatar riga uku. Akwai kuma wuraren da ba nasu ba sam: sanarwar rasuwa, da awon shan magani, da gargaɗin haɗari, duk inda murmushi zai zama rashin ladabi.

Mai rubuta Hausa yana da ƙarin matsala tasa. Cooper ya zana haruffansa ne don Turancin Shikago, bai san da ɓ da ɗ da ƙ ba, balle ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Akasarin haruffan kanu har yau haka suke. In ka buga ƙosai, kwamfuta sai ta aro ƙ daga wani zubin, ka ga ramammen baƙo a gaban ƙattai huɗu. Wasu sai su haƙura su jefar da ƙugiyar, allon maraba da baƙi ya koma maraba da baki, mai maganin ciwon ƙafa ya koma mai maganin kafa. Zana ƙugiya a harafi mai ƙiba kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, domin sandar ta riga ta yi kauri, ga shi ana so ta lanƙwasa a ɗan filin da ya rage a sama. A ɓ kada ta faɗa kan cikin harafin, a ƙ kada ta haɗe da hannun sama, a ɗ kuwa dama take leƙawa, cikin filin maƙwabci. Dole a rage mata kauri ba tare da ta zama wutsiyar ɓera ba. Saboda haka kafin ka biya kuɗin buga allo, ka sa a rubuta maka kalma uku da zubin da aka zaɓa: ɓaɓɓake, da ƙaƙƙarfa, da ɗinki. A ta ukun, ka duba ko ƙugiyar ɗ ta bar wa ɗigon i wurin zama.